Kafin A Shafa Fenti, A Duba Rufin Asibiti

A ƙasar Musawa, da duk yankin nan da ya miƙe daga Malumfashi zuwa Funtuwa, babu manomin da sai an zaunar da shi an koya masa illar danshi. Kowa ya san abin da ke biyo baya idan aka yi gaggawar ɗura masara a buhu ba ta gama bushewa ba, ko ruwan ƙarshen damina ya doki gyaɗa tana shanye a gona. Kwana kaɗan za a buɗe a tarar ta yi fumfuna, nan kore-kore, can baƙi, ga wani wari da ba ya ɓoyuwa. Mai saye a kasuwar Ɗandume zai cusa hannu ya shinshina, ya karya farashi ko ya yi gaba abinsa. Abin da ba mu cika kawowa a rai ba shi ne, halittar nan da ke lalata mana hatsi ita ce dai take tsirowa a silin ɗin ɗakin da muke kwantar da marasa lafiyarmu, kuma a can huhun mutum take samu.

Fumfuna tana yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyin iri da take saki cikin iska, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Na nau'in da masana ke kira Asfajilus fumigatus, faɗin kowane ɗaya bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 1,000 na milimita guda ba, shi ya sa gashin hanci ba ya tare shi, yakan zarce har ƙuryar huhu. Kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwansu kullum, a gona da kasuwa da ɗakin kwana, bai ma sani ba, domin garkuwar jikin mai lafiya tana gamawa da su nan take. Ɗan'uwansa Asfajilus filabus shi ne na gyaɗa da masara. Shi ke fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 bayan sun ci masarar da ta gurɓace. A ƙasashe masu zafi da ƙura irin Sudan da Indiya, shi ɗin dai likitoci suka fi cirowa daga kogon hancin mutane. Ke nan mu da muke zaune tsakiyar noman masara da gyaɗa da dawa da auduga, wannan iri ba baƙo ba ne a iskarmu.

To, su wa muke kwantarwa a asibiti? Waɗanda garkuwar tasu ta faɗi. Mai tarin fuka da cutar ta rarake wa huhu. Mai cutar ƙanjamau da ya zo a makare. Dattijon da suga ya yi wa yawa. Bakwaini da ke ɗakin jarirai, da wanda wuta ta ƙona, da yaron da tamowa ta cinye. Na ƙarshen nan ba kaɗan ba ne a jiharmu: a watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, sakamakon tamowa. Yaron da ya kai wannan hali, abin da ɗan'uwansa mai ƙoshi zai shaƙa ya wuce yana iya zama ajalinsa. Sai a ƙara da wani rukuni da muke ƙirƙira da hannunmu, masu shan deksa da makamantanta daga kemis ba tare da likita ba, wasu don ciwon gaɓɓai, wasu don ƙiba, abin da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Wannan magani yana kwantar da garkuwar jiki. Indiya ta ga sakamakon haɗuwarsa da ciwon suga a 2021, lokacin korona, sa'ad da baƙar fumfuna ta kama fiye da mutum 40,000, da yawa aka cire musu ido ko ƙashin muƙamuƙi don a ceci rayukansu. Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'in fumfuna 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam, ta sa Asfajilus fumigatus cikin huɗun da ke sahun gaba.

Labarin mai tarin fuka ne ya fi ci mini rai, don shi ne wanda kowane ƙauye ya sani. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta kusan mutum 500,000 ke kamuwa a shekara. Mutum ya sha maganinsa na wata shida, aka gwada kakinsa aka ce ya warke, aka sallame shi. Ƙwayar cutar ta mutu, amma ramin da ta bari a huhu yana nan. Cikin wannan rami irin fumfuna ke sauka ya zauna, ya yi ta girma a hankali, wani lokaci har ya dunƙule ya zama curi. Bayan wata da watanni, ko shekaru, sai tari ya dawo, ga rama, ga kasala, ga kaki da jini. A koma asibiti, a sa kaki a na'urar GeneXpert, ta ce babu tarin fuka. A ɗauki hoton ƙirji, a ga rami da tabo. Ma'aikacin lafiya, wanda ba shi da wani gwaji a hannu, sai ya ce ƙila tarin ne ya ɓuya, ya sake ɗora shi kan maganin wata shida. A gida kuwa an fara cewa jifa ne, an fara sayar da akuya ana kai wa masu magani.

Wannan ba zato ba ne. A 2017 an wallafa binciken da Dakta Rita Oladele da abokan aikinta suka yi a Legas da Ilori kan mutum 208 da ake yi wa maganin tarin fuka ba a ga ƙwayar a kakinsu ba, ko waɗanda magani bai yi wa aiki ba. Kusan kashi 9 cikin 100 nasu fumfuna ce ke cin huhunsu. Maganin tarin fuka ba ya taɓa ta. Fulukonazol, wanda shi ne maganin fumfuna da aka fi samu a kemis ɗinmu, shi ma ba ya yi mata komai. Itirakonazol ko borikonazol ake bukata, na aƙalla wata shida, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Wani abin takaicin, rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka yana karya ƙarfin itirakonazol a jiki, saboda haka wanda aka ɗora bisa kuskure kan maganin tari ya yi asara biyu. Yanzu akwai gwajin jini na ɗan tsinke, mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, da ke nuna alamar wannan cuta. Ya kamata a ce duk inda ake raba maganin tarin fuka, daga babban asibitin Musawa zuwa na Malumfashi da na Funtuwa, akwai shi a kan tebur, ba sai an tura talaka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko Shika ba. Cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya, wadda ma'aikatan wannan fanni ke bi ta cikinta, ita ce wurin da ya fi dacewa a cusa wannan darasi.

Gaskiya ce, irin wannan majinyaci yana iya shaƙar fumfunar a ko'ina, a wurin casa, a rumbu, a ɗakinsa. Amma asibiti shi ne wurin da muka tara masu rauni a ɗaki ɗaya da gangan, muka ce su kwana su wuni. Idan ba mu iya gyara iskar gona ba, ta ɗaki mai gado 20 ba ta fi ƙarfinmu ba.

Daga rufi abin ke farawa. Ƙusa ɗaya ta saki, ko iskar farkon damina ta ɗaga kwano, ruwa ya riƙa ɗiga kan silin. Kwali ko allon silin da ya jiƙe, kwana ɗaya zuwa biyu sun isa fumfuna ta fara kama shi. Lokacin marka, a watan Agusta, ba ya samun sararin bushewa. Tabon nan mai ruwan ƙasa da baƙin gefe da muke gani a saman gado, har mun saba da shi mun ɗauke shi tsufan gini, gonar fumfuna ce, kuma abin da ke bayan allon ya fi wanda ke fuskarsa yawa. Fanka na juyawa a ƙarƙashinsa tana watsa irin ko'ina. Bangon da ke jingine da banɗaki, inda famfo ke tsiyaya, haka. Katifar da ledarta ta yage, soso ya sha fitsari da ruwan ƙarin jini, haka. Tsakanin silin da kwano kuma jemagu da tantabaru ke kwana. Kashin jemage yana ɗauke da wata fumfunar mai kama huhu da fata da ƙashi, wadda masu bincike suka gano a kogon Ogbunike na jihar Anambara, kashin tantabara kuwa gida ne ga wadda ke haddasa wani irin sanƙarau ga masu ƙanjamau. Da asuba mai shara ta shigo da busasshiyar tsintsiya, ta tayar da duk abin da ya kwanta cikin dare, daidai hancin waɗanda ke kwance.

Iyakwandishan da muke ɗauka alamar ci gaba yana da nasa. Wanda aka fi sawa, mai manne da bango, ba ya shigo da sabuwar iska ko kaɗan, ta cikin ɗakin yake juyawa yana sanyayawa. Cikinsa kullum a jiƙe yake, kuma idan ba a wanke ragarsa ba, shi kansa ya zama wurin tsiro. Kada a ce wannan matsalar matalauta ce kawai. A Nuwamban 2019 shugabannin asibitin yara na birnin Siyatil a Amurka suka fito suka amsa cewa tun daga 2001 yara 14 sun kamu da Asfajilus, 6 sun mutu, kuma na'urorin iskar ɗakunan tiyatarsu ake tuhuma. Idan wurin da ke da injiniyoyi da wutar da ba ta ɗaukewa ya faɗa wannan rami, ina ga ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda na'ura, alhali wutar da za ta juya ta ba ta samuwa sai an tayar da janareta?

Wannan ya kawo ni kan gyare-gyaren da ake yi. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki alƙawarin samar da cibiyar lafiya mai aiki a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 361 na jihar Katsina, kuma duk mai kishin karkara zai yi maraba da haka. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Lokacin gyaran gini shi ne lokaci mafi haɗari ga majinyaci mai rauni. A 2006 wasu masana biyu a Jamus suka tattara rahotannin ɓarkewar Asfajilus sau 53 a asibitocin duniya, wanda ya shafi mutum 458, suka ga kusan rabinsu aikin gini ko rushe-rushe ne sanadi. Dalilin a fili yake. Ranar da kafinta ya ɓamɓare tsohon silin, ƙurar shekara 20 da kashin jemage da busasshiyar fumfuna ke zubowa lokaci guda. Idan marasa lafiya na kwance a ɗaya gefen ɗakin, ko a ɗakin da ke maƙwabtaka da ƙofa a buɗe, su za su shaƙe ta. Kuma idan aka sa sabon silin na roba aka shafa fenti ba a taɓa kwanon da ke yoyo ba, an rufe ciwon ne kawai, zai ci gaba da ruɓa a inda ido ba ya kaiwa.

Sai batun taga, wanda a ganina shi ne babban kuskuren ginin zamani a wajenmu. Tsofaffin asibitoci, irin waɗanda aka gina kan tsarin da Fulorens Naitingel ta yi ta kira a kai tun 1859, dogayen ɗakuna ne masu tsawon sama, tagogi manya suna kallon juna, ga baranda ta kewaye. Iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Yanzu an koma ƙaramar taga ta alminiyam mai turawa gefe, wadda ko an buɗe ta duka rabinta kaɗai ke buɗuwa, an sauko da silin ƙasa, an jera ɗakuna hagu da dama da lungu a tsakiya. A 2007 Dakta Rod Escombe da abokansa suka auna iskar ɗakuna a asibitoci 8 na birnin Lima a ƙasar Feru. Buɗe tagogi da ƙofofi kawai ya sa iskar ɗaki na sabuntuwa kimanin sau 28 a awa ɗaya. A gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu manyan tagogi da dogon sama, sau 40 ne, a na zamani sau 17. Ɗakin keɓe masu cuta mai aiki da na'ura, mai tsadar gaske, sau 12 ake nema daga gare shi. Bayan shekara biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida: a ɗakin kwanciya na gama-gari kowane majinyaci na bukatar lita 60 ta sabuwar iska a sakan ɗaya, a ɗakin masu cutar da ke bin iska kuma lita 160. Afirka ta Kudu ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. A garin Tugela Feri, rahoton 2006 ya nuna mutum 52 cikin 53 da suka kamu da tarin fuka mai bijire wa magunguna sun mutu, kuma da yawansu sun taɓa kwanciya a asibiti kafin nan. Ruwanda ta ɗauki izina, asibitin Butaro da ta buɗe a 2011 an fitar da hanyoyin wucewarsa waje, aka bar iska ta yi aikinta.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗar suna da hujja. Wa zai buɗe taga a watan Janairu, hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ya rufe gari, sanyi na ratsa ƙashi? Mai jinya za ta tashi ta rufe, ta ce kada sanyi ya kama mara lafiyarta, kuma ba wanda zai ga laifinta. Da damina ga sauro. Da kaka ga injinan casa suna tayar da ƙaiƙayi da ƙura a bakin gari, kuma wannan ƙura cike take da irin fumfuna. Ga halin tsaro da yankinmu ya shiga, wanda ya sa mutane ba sa son kwana da komai a buɗe. Amma toshe ɗaki gaba ɗaya gudun gara ne a faɗa gidan zago: an tare ƙura, an kulle tarin fuka da ƙyanda da danshin numfashin mutum 40 a ciki. Hanyar da ta fi ita ce a bambanta ɗaki da ɗaki. Ɗakin masu tari da na gama-gari su sami iska mai ratsawa, da raga ta sauro da ƙarfen tsaro a kowace taga, da ƙananan tagogi can sama kusa da rufi waɗanda ba a rufewa ko da hunturu, iska na wucewa ta saman kai ba ta bugun mai kwance. A ba shi bargo maimakon a rufe masa taga. Ɗakin tiyata da na bakwaini da na masu ƙuna su ne ke bukatar rufewa da tatacciyar iska, kuma su ya kamata a fara ba wutar sola. A dasa itatuwa ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa, su rage ƙura. Hakimi da masu unguwa su sa baki kada a kafa injin casa, ko a tara harawa da kara, ko a ƙona shara a jikin katangar asibiti.

Mu ma masu zuwa dubiya muna da namu kason. Dubiya ibada ce kuma zumunci ne, ba mai cewa a bari. Amma mutum goma a kan gado ɗaya, kowa da tabarmarsa da ƙullin kayansa, ga kwanukan tuwo da fura ana turawa ƙarƙashin gado su kwana biyu, ga wanki ana shanyawa a kan ƙarfen gado, duk suna ƙara wa ɗakin danshi suna rage masa iska. Rumfa mai kyau a waje, da wurin wanki da shanya, za su ɗauke rabin wannan nauyi ba tare da an kori kowa ba.

Auna iskar ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Ana ajiye ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta a buɗe na wani ɗan lokaci, a rufe, a jira kwanaki a ƙirga abin da ya tsiro. Ɗaliban kimiyyar ƙananan halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma sun san wannan aiki, kuma duk shekara suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A haɗa su da asibitocin karkara, su auna da marka, su auna da kaka, su auna da hunturu, sannan sakamakon ya isa hannun shugaban asibitin maimakon ya tsaya a kantar laburare. Akwai kuma 'yar na'urar hannu mai auna iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. A waje takan nuna wajen 420, idan ta haura 1,000 a cikin ɗaki to iska ba ta wadatar ba. Nas mai aikin dare za ta iya dubawa ta san lokacin buɗe taga.

Hukumar kula da asibitocin jiha da ta kula da lafiya a matakin farko su ke rubuta takardar kwangila, kuma a cikin wannan takarda maganar za ta tabbata ko ta rushe. A rubuta cewa ba za a taɓa silin ba sai an kwashe marasa lafiya daga ɗakin, an toshe ƙofofin da ke tsakani da leda, an yayyafa ruwa kafin a ɓamɓare. A rubuta faɗin taga da tsawon sama da lamba. A rubuta cewa allon da ya taɓa jiƙewa cire shi za a yi a ƙone nesa da asibiti, ba shafe shi da fenti ba. A sayi mofa da bokiti da sabulu a ajiye tsintsiya. Aikin rufi kuma a yi shi tsakanin Fabrairu da Afrilu, kafin hadarin farko, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai rufin ya ga ruwan Agusta, kwamitin ci gaban mazaɓa ya shiga ɗaki-ɗaki ya ɗaga kai ya duba, sannan ya sa hannu a biya.